Adibas Na Shekara Biyu: Wa Ke Ba Wa Bashi A Sababbin Benayen Ankara?

 

A 'yan watannin nan akwai wata tambaya da take ta dawo mana bayan karatun Magariba, kuma mafi yawan masu kawo ta samari ne waɗanda aka riga aka sa musu ranar aure. Na baya-bayan nan wani malamin makarantar firamare ne, haifaffen Mamobi, wanda gidan gadonsu ya cika ya batse, babu inda zai sa amarya. Dillali ya kai shi wani sabon bene a kan hanyar Madina zuwa Adenta, ya nuna masa ciki da falo da kicin da banɗaki a hawa na biyu. An yi shafe, an shimfiɗa tayil, amma ba a sa tagogi ba, ba a ja ruwa ba, mitar wuta kuma ba ta iso ba. Mai ginin ya ce masa ya biya hayar shekara biyu yanzu, da kuɗin za a ƙarasa aikin, nan da wata uku ya zo ya karɓi makulli. Tambayar saurayin ita ce: tunda muhalli lalura ne, ya halatta ya ci bashin banki mai ruwa ya biya?

Muka ce masa ya ɗan dakata da maganar banki, domin akwai wani bashin da ya riga wannan, wanda shi bai lura da shi ba. Shi ne bashin da shi kansa yake shirin bai wa mai gida.

A ɗauka, don misali kawai, hayar sidi 2,500 ce a wata. Shekara biyu sidi 60,000 ke nan, a dunƙule, rana ɗaya. Dillali zai karɓi la'adarsa, wadda a al'adar garin nan kashi goma cikin ɗari ce, wato sidi 6,000, ban da ɗan abin da ake ba shi tun farko don kawai ya kai mutum ya ga ɗakin, an daidaita ko ba a daidaita ba. A gefe guda, mafi ƙarancin lada da gwamnatin Gana ta ƙayyade wa ma'aikaci a 2025 shi ne sidi 19.97 a yini, abin da bai kai sidi 600 a wata ba. Malamin makaranta ya fi haka samu, amma ko shi, ina zai tara sidi 66,000 yana ci yana sha yana taimakon iyaye? Saboda haka sai a bi 'yan uwa, a bi wanda ke Turai ko Saudiyya, a kwashe adashi, abin da ya rage a nufi masu ba da bashi da ruwa. Mutum ya shiga sabon gida da sabuwar amarya, amma albashinsa na wata ashirin da huɗu an riga an yanka shi.

Abin mamaki shi ne dokar ƙasa ta hana wannan tun kafin a haifi iyayen wasu daga cikin samarin nan. Dokar haya ta 1963, wadda ake kira doka ta 220, ta ce laifi ne mai gida ya nemi adibas da ya wuce na wata shida. Tana nan ba a soke ta ba, kuma akwai ofishin gwamnati na kula da haya da aka kafa don sauraron ƙorafin 'yan haya da masu gidaje. Amma wanda ya tsaya yana karanta wa mai gida doka, kafin ya rufe baki wani ya biya ya karɓi makulli. Ƙidayar 2021 ta nuna jihar Ankara da kewayenta tana ɗauke da mutum sama da miliyan 5.4, har ta wuce jihar Ashanti a yawan jama'a, kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ƙiyasta giɓin gidaje a Gana da kimanin miliyan 1.8. Inda masu nema suka fi ɗakuna yawa haka, doka a takarda take tsayawa.

Adalci ne mu faɗi uzurin masu gidaje, domin ba dukkansu ne azzalumai ba, kuma da yawansu suna sahun farko a masallatanmu. Mai gini a Gana ba shi da inda zai samu rance mai sauƙi. A watan Yulin 2023 Babban Bankin Gana ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 30 cikin ɗari, bankunan kasuwa kuma sama da haka suke ba da bashi. A watan Disamban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Wanda ya sayi buhun siminti da rodi a wannan lokacin ya san abin da muke nufi. Ga kuma tsoron ɗan hayar da zai daina biya ya ƙi tashi, a yi ta zarya a kotu. To da mai gini ya duba bai ga bankin da zai je ba, sai ya mai da ɗan haya bankinsa, banki kuma wanda ba ya karɓar jingina, ba ya neman riba, kuma ba shi da ikon cewa a'a. Shi ma ɗan haya yana da ɗan abin da yake samu, tunda farashi ya tsaya masa cak na shekara biyu, a lokacin da komai ke tashi. Sai dai wannan amfanin yana tabbata ne kawai idan ya shiga gidan a ranar da aka yi alkawari, kuma gidan ya zaunu.

A nan ne maganar malamanmu na fiƙihu take shigowa, kuma muna so ɗalibai su kula da kyau, domin mas'ala ce da suka karanta a zaure amma ba su haɗa ta da rayuwar Ankara ba. Biyan kuɗin haya a gaba, a asalinsa, halal ne idan an yi yarjejeniya a kai, kuɗin sananne ne, lokacin sananne ne, gidan kuma yana nan a shirye. Amma malaman Malikiyya sun hana a sharɗanta biyan kuɗi a gaba a duk cinikin da ba a da tabbacin abin da aka biya dominsa zai samu. Misalin da suka fi kawowa shi ne hayar gonar da ba a da tabbacin ruwa zai same ta. Dalilinsu kuwa shi ne kuɗin yana rawa tsakanin abu biyu: idan amfanin ya samu ya zama kuɗin haya, idan bai samu ba ya zama rance da mai gona ya juya ya amfana da shi sannan ya mayar. Yanzu a ɗora wannan a kan benen da ba a sa wa tagogi ba, wanda ƙarasa shi ya dogara da farashin siminti, da lafiyar mai ginin, da ko wasu 'yan hayar za su kawo nasu kuɗin. Ashe ba gonar da ke jiran ruwa ba ce? Mun san mutanen da wata uku ya zame musu wata goma, suna biyan haya a tsohon ɗaki, kuɗinsu na sabo kuma yana cikin bulo. Mun san wanda ya je karɓar makulli ya tarar an bai wa mutum biyu ɗaki ɗaya. Wannan shi ne gararin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a ciniki.

Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda babu zauren karatu a zango da ba a karanta ta, ta yi bayanin cewa idan gidan haya ya rushe kafin wa'adi ya cika, hayar ta warware a abin da ya rage, kuma mutuwar mai zama a gidan ba ta warware hayar. Ma'anar wannan a yau ita ce kuɗin watannin da ba a zauna ba amana ne a wuyan mai gida. Idan gini ya lalace har bai zaunu ba, sai ya mayar. Idan magidanci ya rasu bayan wata biyar, matarsa da 'ya'yansa suna da haƙƙin sauran wata goma sha tara, ba a cewa su kwashe kaya bayan addu'ar arba'in. Haka nan Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya da ke Jidda, a zamanta na 1988, ta yanke cewa dunƙulallen kuɗin da mai gida ya karɓa a farko bayan haya ta wata-wata ya halatta ne bisa sharaɗin a lissafa shi cikin kuɗin hayar wa'adin, ta yadda idan aka warware yarjejeniya hukuncin haya ne zai hau kansa. Masu gidaje nawa ne a cikinmu suke ajiye wannan lissafi?

Sai kuma tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu duk lokacin da muka bi ta Cantonments, ko unguwar filin jirgi, ko East Legon, muka ɗaga kai muka ga benaye masu gilashi suna ta tashi: don wa ake gina su? Tun da aka fara haƙo mai a gaɓar tekun Gana a ƙarshen 2010, ga ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, ga 'yan ƙasa mazauna Amurka da Ingila da ke neman inda za su adana dukiyarsu, ga baƙin da ke cika garin a watan Disamba musamman tun bayan shekarar komawa gida ta 2019, kasuwar manyan gidaje ta koma ta masu dala. Da yawa daga cikin waɗannan sassan ba a ma bayar da su haya ta shekara, kwana-kwana ake bayarwa ta manhajoji irin su Airbnb. Wanda ya wuce da dare zai ga bene mai hawa takwas, fitila a tagogi uku kawai. Ƙidayar 2021 ɗin nan da ta nuna ana ƙarancin gidaje, ita ce kuma ta nuna akwai muhallai sama da miliyan ɗaya a ƙasar da babu kowa a ciki. Tsakanin Nima, inda mutum takwas ke kwana a ɗaki ɗaya, da waɗannan benayen, tafiyar ƙafa ce.

Za a ce to mu ina ruwanmu da benayen masu dala? Ruwanmu shi ne farashin sama yana jan na ƙasa. Filin da ya yi tsada a East Legon shi ke tsadar da na Madina, na Madina ya tsadar da na Adenta da Oyibi. Har ma ƙananan masu gini sun koyi yanka haya da dala, alhali dokar musayar kuɗin waje ta 2006 ta hana sa farashi da kuɗin waje ba tare da izini ba, kuma Babban Banki ya sha fitar da gargaɗi a kai. A farkon 2022 dala ɗaya kusan sidi 6 ce, kafin ƙarshen shekarar ta haura 13. Wanda aka yanka wa dala 300 a wata, albashinsa kuma sidi ne, hayarsa ta ninka ba tare da an ƙara masa ko ƙusa ɗaya a ɗakin ba. Da sidi ya farfaɗo a 2025, dala ta sauko daga sama da sidi 15 zuwa kusan 10 a tsakiyar shekarar, mun saurara mu ji mai gidan da ya kira ɗan haya ya ce an rage. Abin da muka fi ji shi ne waɗanda suka ce daga yanzu da sidi za a biya, a kan tsohon lissafi.

Shi kansa sabon gini yana da abin da yake ɓoyewa. Tsohon gida maƙwabta sun san halinsa, sun san inda yake yoyo da inda ruwa ke kwanciya. Sabon fenti ba ya ba da labari. Wanda ya duba ɗaki a watan Janairu, lokacin hunturu, bai ga komai ba tukuna, sai ruwan Yuni ya sauka bango ya fara tsatsafo da danshi, ko a wayi gari hanyar shiga unguwar ta zama rafi. Mutanen Ankara ba su manta da daren 3 ga Yunin 2015 ba, da ambaliya da gobara suka haɗu a shataletalen Kwame Nkrumah aka rasa rayuka kusan 150, kuma har yau ana gini a kan hanyoyin ruwa. Akwai takardar shaida da majalisar gunduma ke bayarwa cewa an duba gini ya cancanci a zauna a ciki, kaɗan ne cikin 'yan haya suke tambayarta. Bayan haka ga kuɗin hidima na wata-wata da ba a faɗa sai an shiga: na maigadi, na shara, na man janareto, na tankar ruwa a unguwannin da famfo bai kai ba. Ga mita ɗaya da gida huɗu ke rabawa, wadda ta raba zumuncin maƙwabta da yawa. Duk wanda bai sa an rubuta waɗannan ba kafin ya biya, ya saya wa kansa rigima. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma sai ka ga ɗan zango ya miƙa sidi 60,000 babu ko rasit, wai don mai gidan Alhaji ne, kunya ba za ta bari ya nema ba.

Gwamnati ta gwada nata. A watan Janairun 2023 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Dakta Mahamudu Bawumia, ya ƙaddamar da shirin tallafin haya na ƙasa, inda ake biya wa mutum adibas kai tsaye ga mai gida, shi kuma ya riƙa mayarwa wata-wata. Niyyar mai kyau ce, amma da sidi miliyan 30 aka fara, abin da bai kai cikin cokali ba, kuma rance ne mai ruwa ko da kaɗan ne, don haka Musulmi mai tsantseni ya tsaya daga nesa. Wani abin kuma, shirin ya zo ne yana taimaka wa mutane su biya abin da doka ta riga ta ce kada a nema. Ga kuma gidajen Saglemi a yankin Ningo-Prampram, da aka ciwo bashin dala miliyan 200 don gina gida 5,000, aka tsaya a kan kimanin 1,500 waɗanda ba a kammala ba, suka shekara da shekaru ciyawa na cinye su. Dattawanmu sun ga lokacin da gwamnati ke gina unguwanni sukutum irin su Kanda da Kaneshie da Dansoman, ma'aikaci ya samu inda zai sa kansa. Yau an bar wa 'yan kasuwa, su kuma inda riba take can suke gini.

Wasu matasa suna cewa gwamnati ta yanka farashin haya kawai ta huta. Malamai sun yi saɓani a kan ƙayyade farashi: akwai hadisin Anas da ke nuna Manzon Allah bai yarda ya ƙayyade ba lokacin da kaya suka yi tsada a Madina, akwai kuma malamai, cikinsu har da na Malikiyya, da suka halatta wa shugaba ya sa baki idan 'yan kasuwa suka wuce gona da iri a kan abin da jama'a ba su iya rayuwa sai da shi. Mu dai muna jan hankali da abin da muka gani da idonmu a Alƙahira lokacin muna ɗalibai. Dokokin zamanin Jamal Abdul Nasir sun daskarar da kuɗin haya, har ya zama iyali na zaune a babban gida a tsakiyar birni suna biyan abin da bai sayi abincin rana ba, 'ya'ya kuma su gaji zaman. Masu gidaje suka daina gyara, wasu suka kulle gidajensu suka ƙi bayarwa, sabon mai nema kuma sai ya biya maƙudan kuɗi a bayan fage kafin a ba shi makulli. Sai a 1996 aka saki sababbin yarjejeniyoyi, tsofaffin kuwa sai da kotun tsarin mulki ta yi hukunci a ƙarshen 2024, sannan aka yi dokar 2025 da ta ba masu zama wa'adin shekara bakwai. Saboda haka abin da muke nema a Gana ya fi wannan sauƙi: a bar farashi ga yarjejeniya, amma a tsaya a kan iyakar wata shida da doka ta riga ta sa, kuma a sauƙaƙa wa mai gida hanyar karɓar haƙƙinsa daga wanda ya ƙi biya, domin tsoron da ke sa shi neman shekara biyu ya ragu.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da ke hannunmu, domin a Nima da Mamobi da Sabon Zango da Fadama da Madina da Ashaiman, mai gida namu ne, ɗan haya ma namu ne. Mai gidan da ya riga ya gama gininsa, ba bashi a kansa, me zai hana ya karɓi wata shida, ko ma wata uku, daga yaron da ya san ubansa? Wanda kuma yake buƙatar kuɗin ɗan haya don ya ƙarasa gini, to ya kira abin da sunansa. A rubuta cewa wa'adin haya zai fara ne daga ranar da aka miƙa makulli, a rubuta ranar da idan ta wuce za a mayar da kuɗi, a sa shaidu biyu. Mafi tsarki ma shi ne kuɗin ya zauna a hannun amintacce har a gama aikin. Masallatanmu kuma da ke tara kuɗin tayil da na'urar sanyaya ɗaki kowace Juma'a, lokaci ya yi da kwamitocinsu za su ware asusun rance marar ruwa don hayar masu sabon aure, a ba mutum, ya mayar wata-wata, a ba na bayansa. Dokar bankuna ta 2016 ta ambaci harkar banki marar ruwa, maƙwabtanmu na Nijeriya kuma suna da bankin Jaiz tun 2012, amma asusun masallaci ba ya jiran lasisin kowa, amana da littafin lissafi kawai yake buƙata.

Akwai kuma maganar gidajen gado, wadda ita ce ta fi damunmu. Filayen Nima da Mamobi suna tsakiyar birni, kusa da fadar shugaban ƙasa da filin jirgi, kuma masu gina benaye sun daɗe da sa musu ido. Magada goma sha biyar su sayar da gidan kakansu, a raba, kason kowa bai wuce adibas na 'yan shekaru a Amasaman ko Kasoa ba. Sunan Kasoa ma daga kalmarmu ta kasuwa ya samo asali, amma wanda ya koma can yana aiki a cikin Ankara, kafin Asuba yake fita neman trotro, bayan Isha yake dawowa, 'ya'yansa sun yi barci, makarantar allon da ya yi ta yi musu nisa. Da magadan sun haɗa kai sun ba da filin a gina bisa yarjejeniyar su riƙe wasu sassa, ko sun mai da wani ɓangare wakafi, da jikokinsu ba su zama 'yan haya a unguwar da kakanninsu suka sara ba.

Shi kuwa malamin makarantar, mun ba shi amsa cewa lalurar da ke halatta haram ita ce wadda babu wata mafita bayanta, shi kuma yana da ita, ko da ba mai daɗi ba ce. Mun haɗa shi da dattawa biyu na masallaci suka koma wurin mai ginin da takarda, suka nemi a rubuta ranar miƙa makulli, a karɓi shekara ɗaya, rabi yanzu rabi ranar shiga. Mai ginin ya ce yana da mutum uku a layi waɗanda ba su zo masa da takarda ba. Yanzu saurayin ya kama tsohon ɗaki ɗaya a Madina Zango, banɗaki na haɗaka, ya biya wata shida da kuɗin adashinsa, an kuma bar ranar auren yadda take. Da muka bi ta hanyar Adenta a makon jiya, benen yana nan, an sa tagogi a hawa na ɗaya.